Injiniyan Ƙarƙashin Matakala

Kullum da safe, kafin ya zauna, Injiniya kan zaro wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, ya sauka ƙarƙashin matakalar ofishin ajiyar jini, inda sabis ya fi ko'ina rowa. Nan yake tsugunawa ya gwada shafin ofis na intanet. In ya buɗe nan take, ya hau ya sha shayi. In ya tsaya juyi, to ranar shayi sai dai ya huce.

Shekara goma sha tara yana haka. Shafinsa rubutu ne zalla: irin jinin da ake da shi, leda nawa, a wane reshe. Ƙananan manhajojin da ake cusa wa shafi don ya riƙa walƙiya da motsi, ya tsige su kaf. Shugaban ofis ya sha yi masa tsiya: "Injiniya, shafin nan naka kamar takardar magani!"

Abokan sana'arsa kuwa cewa suka yi ya koma wata sassauƙar hanyar intanet da ba ta ɗaukar komai sai rubutu. Ya gwada, ta burge shi ƙwarai. Amma ya ce, "Sai an sauke sabuwar manhaja fa. Wa zai tsaya saukewa, mara lafiya na kwance?"

Wata ungozoma ce ta ba mu labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Jini ya ɓalle wa mai jego a ƙaramin asibitinsu. Rassan ofishin jinin biyu ne, ɗaya gabas ɗaya yamma, mota ɗaya, lambobin waya sun ƙi shiga. In direba ya nufi inda babu, an rasa mai jegon.

"Wallahi hannuna rawa yake," in ji ungozomar, tana duban Injiniya. "Duk abin da na taɓa a wayar juyi kawai yake yi. Shafinka ne ya buɗe, Baba. Leda biyu, reshen yamma."

Ranar sallamarsa daga aiki ta faɗi haka, mai jegon na tsaye a gefenta, goye da 'yarta. Injiniya ya cire tabarau ya goge ido. Mu ma jikinmu ya yi sanyi.

Injiniya, kai ne ka yarda a raina aikinka don kada a rasa rai, gwani mara son a sani. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri. Ku kuma masu gina shafuka, kafin ku ƙara wani ado, ku tuna akwai mai jira da hannu yana rawa.