Ba A Mota Za Mu Kai Ki Ba, Anti Noelene

Da safiyar Talata, tara ga watan Yuli, ina cikin shanya kaya Darcy ya kira ni a waya. Bai tsaya gaisuwa ba, ya ce, "Sharyn, Mama ta tafi." Haka labarin rasuwarki ya same ni, Anti Noelene Burgess, da jiƙaƙƙen zanen gado a hannu. Kin cika a gidanki na Smithton bayan doguwar jinyar huhu, ɗanki Darcy yana riƙe da hannunki. Daga Allah muka zo, kuma ga shi kin riga mu komawa.

Ni 'yar ƙaninki ce, rabin tashina a gidanki na yi shi, don haka ba zan yi miki ƙarya a bayan ido ba. Tun ranar nan mutane suke zuwa suna cewa ke mace ce mai sanyin hali. Ban san wace suke nufi ba. Wadda na sani faɗa gare ta, bakinta ba ya shiru, kuma ba ta taɓa barin baƙo ya fita gidanta da yunwa ba. Ko sa'ad da gari ya juya miki baya, tukunyarki ba ta sauka daga wuta ba.

Kowa ya san abin da ya haɗa ki da gari, Farin Tudu ne. Can gaɓar yamma yake, ƙetaren bakin kogi, tudun ɓawon katantanwar teku da kakanninmu mata suka tara. Su nutsa su ɗebo, su gasa, su ciyar da 'ya'yansu, su zubar da ɓawon wuri guda, tun kafin jirgin Bature ya hango tsibirin nan. Yau ƙasar ta gwamnati ce, an ce ta kowa da kowa. Sai masu jif suka fitar da hanya ta tsakiyar tudun, don ta nan ne gajeriyar hanyar zuwa inda kifi yake. Duk ranar hutu tayoyi suna niƙa ɓawon, iska ta kwashe garin.

Masu cewa mota kika tsana ba su san ki ba. Ke kika koya mini sace iskar taya kafin a hau rairayi, ke kika koya mini duba ruwa kafin a ƙetare kogi. Tsohuwar jif ɗinki ta fi na samari da yawa shiga daji. Amma kullum kika isa bakin kogi sai ki kashe ta, ki ɗauki jaka, ki ce a sauka. Sauran tafiyar rabin yini ce a ƙafa, kuma ba ki taɓa ragewa kowa ba.

Ina zauren gari ranar da aka yi taron rufe hanyar. Trevor Hingston, shugaban ƙungiyar masu jif, wanda kuka yi aji ɗaya da shi a firamare, ya miƙe fuskarsa ja wur.

"Haba Noelene, ki ji tsoron Allah! Juji ne fa. A kan juji za a hana mu bakin teku?"

Zauren ya ɗauki tafi. Kika bari suka gama, sannan kika tashi a hankali.

"Juji ne mana, Trevor, wa ya musa maka? Na kakata ne. Ku naku kakannin sun bar muku coci da hotuna a bango. Tawa kwanon abincinta kaɗai aka bar mini. Ka taɓa ganina na shiga falon uwarka da mota?"

Wani daga baya ya kwashe da dariya, matarsa ta zungure shi. Ba wannan maganar ce ta rufe hanyar ba, sai da aka yi shekaru ana kai ruwa rana. Amma daga ƙarshe hukumar gandun daji ta kafa ƙofar ƙarfe a bakin kogi ta datse da kwaɗo.

Abin da ya biyo baya ba mu manta ba, kuma ba za mu yi kamar mun manta ba. An sha yanke kwaɗon. An fasa miki gilashin mota a gaban kanti. Matan da kuka yi shekaru kuna gaisawa suka koma kallon kantar burodi in kin shigo. Ke kuwa duk Asabar sai ki ɗauki fulas ɗin shayi da zarenki, ki zauna a gindin ƙofar kina shirya sarƙar 'yan katantanwa. Wanda ya zo da jif ki yi masa sannu da zuwa, ki tambayi lafiyar uwarsa da sunanta. Da yawa a nan suke juyawa.

Akwai ranar da Trevor ya kewaye ƙofar ta bakin ruwa, jif ɗinsa ta kafe a tsakiyar kogi, teku kuma tana cikowa. Ina tare da ke. Na ce ki ƙyale shi ya sha ruwan gishiri ko ya yi hankali. Kika harare ni.

"Ke dai Sharyn ba ki da kai. In motar ta nutse, mai da ke cikinta ina zai je? Miƙo igiya."

Kika shiga ruwan sanyin nan har gwiwa, kika ɗaura, kika ja shi baya da jif ɗinki, ta ɓangaren da ya fito. Sannan kika zuba masa shayi, kika yanka masa gasasshen tsuntsun teku a burodi, yana rawar ɗari yana ci. Da ya buɗe baki zai yi godiya kika ce, "Ci ka tafi, tsohon banza. Gobe ma in ka dawo zan ja ka, amma baya zan ja ka."

Bara ciwo ya ci ƙarfinki, daga ɗaki zuwa kicin sai kin huta. Ba abin da kike ambata sai Farin Tudu. Wata jami'ar gandun dajin, yarinya mai kirki, ta zo har gida ta ce doka ta ba ta damar buɗe wa dattawa ƙofar, ita da kanta za ta tuƙa ki a hankali. Darcy ya durƙusa a gabanki.

"Mama, sau ɗaya ne fa. Wa zai ce wani abu?"

"Ba za su ce komai ba, ɗana, hoto za su ɗauka. Tayata ta wuce yau, tasu ta biyo sawu gobe. Ki mayar da mukullinki, 'yata, na gode."

Na ji haushinki ranar, ba zan ɓoye ba. Na fita waje na yi kuka, don na san abin da kika zaɓa. Ba ki sake ganin wurin nan ba har kika koma ga Allah. Wasiyyarki ɗaya, in an ƙone gawarki a kai tokarki can a bar wa iska.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami tun hawayena bai bushe ba. Ranar Alhamis Trevor ya zo gaisuwa, hula a hannu, da kwandon kifi. Ya yi kuka, kuma na yarda kukan gaskiya ne. Ya ce ƙungiyarsu ta yanke shawarar yi miki rakiya, jif bayan jif, su kwashi tsofaffinmu duka har kan tudun, in dai za mu nemi a buɗe ƙofar na yini guda. Ya ce, "Sharyn, ki dubi babanki. Yayarsa ce fa. Da wace ƙafa zai je?"

A nan ya taɓa ni inda yake ciwo. Babana Mervyn, ƙaninki da kika goya, ko harabar gida ba ya zagayawa sai da sanda. Kuma kowa ya san wata mai zuwa za a sake zaman taro kan batun hanyar nan, masu son a buɗe ta sun daina maganar kifi, sun koma cewa don tsofaffi da marasa lafiya suke nema. Ba abin da suke buƙata kamar hoton jerin motoci a kan Farin Tudu, da mu a ciki, da tokarki a kujerar gaba. Darcy ya dubi Baba. Baba ya ɗago kai.

"Noelene ba ta je a mota ba da ranta, ni ne zan kai ta a mota? Ku ajiye ni a bakin ƙofa. Zan jira ku."

To, ga amsarmu, ina rubuta ta a fili don kada wani ya ce bai ji ba. Ba za mu nemi mukulli ba. Ranar Asabar da safe za mu ajiye motoci a bakin kogi, mu ƙetare a ƙafa, ko da ruwan sama ko babu. Darcy zai ɗauke ki a ƙirjinsa, in ya gaji ya miƙo mini. A zaman wata mai zuwa kuma, duk wanda ya ambaci sunanki don a buɗe hanyar nan, ya sani ina zaune a layin gaba, kuma bakina irin naki ne.

Allah ya jiƙanki, Anti Noelene. Ya yafe miki kurakuranki da kaifin harshenki, ya sauƙaƙa miki numfashin da ya yi miki wuya a nan, ya sada ki da matan da kika tsare wa wurinsu. Ina miƙa ta'aziyyata ga Darcy da 'ya'yansa, da dukan danginmu na nan da na tsibirai, Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Ina yi wa Trevor ma ta'aziyya, don shi ma ya yi rashi. In yana son raka ki, ya zo da takalmi mai ƙarfi, ba wanda zai hana shi.

Baba kuwa, ban san da wace kalma zan yi maka gaisuwa ba. Allah ya ba ka juriyar zaman nan da za ka yi kai kaɗai a bakin ƙofa, kana kallon bayanmu har mu ɓace da yayarka. Amin.