Ƙugiyar Ciki ta Mme Mamoliehi

Duk wanda ya girma a Mokhotlong, garin kan duwatsu mai sanyi, ya san gardamar da Ntate Khoarai, wato Baba Khoarai, ya sha kaye a cikinta, domin matarsa, Mme Mamoliehi, wato Mama Mamoliehi, ba ta bari an manta ba.

Shekarar da ya dawo daga ramin zinariya ne, da tari a ƙirji da wata ƙatuwar a-kori-kura da ya saya. Ya ɗora mata ɗaki a baya, ɗaki na gaske, da gado da murhu da taga, har da labule. A ciki ya kafa dutsen wasa almakashi, domin sana'ar da ya zaɓa ke nan: bin rumfunan aski na kan duwatsu yana gyara almakashin masu aske tumaki da awaki. Askin awaki kuwa da shigowar sanyi yake zuwa, lokacin da ƙanƙara ke rufe hanya ba sallama. Sai ya gangara Underberg ya dawo da sarƙar da ake ɗaura wa taya don kada ta zame a ƙanƙara, siririya, mai ƙyalli, a cikin wata 'yar jaka mai kyau. Ya baza ta a tsakar gida yana murmushi kamar wanda ya kawo shanun aure.

Mamoliehi ta ɗaga ta da yatsa biyu.

"Baban Moliehi, wannan ta wuyana ce ko ta motar?"

"Ta motar ce mana. Na gaya musu sunan motar, suka ba ni daidai da ita."

"Ka gaya musu ka gina mata gida a gadon baya? Ka gaya musu dutsen wasanka? Ka gaya musu tukwanena, da ni kaina?"

"Ke me kika sani a ƙarfe? Ni da na ci ƙuruciyata a ƙarƙashin ƙasa ina hulɗa da shi!"

"To, a ƙarƙashin ƙasa ka san shi. Nan sama muke."

A hawan Kotisephola sarƙar ta tsinke, tun ba su kai rabi ba. Ta yi tas, ta daki gindin ɗakin, motar ta zame a hankali ta jingina da dutse kamar tsohuwar da ta sha giyar dawa a gidan biki. Makiyaya ne suka jawo ta da shanu, suna dariya a cikin bargunansu. Mamoliehi ta sauko daga motar. Ta dai tsinci guntun sarƙar a cikin ƙanƙara, ta wanke, ta goge da toka, ranar Lahadi ta rataya a wuya ta tafi coci. Duk matar da ta tambaye ta sai ta ce, "Mijina ne ya sayo mini daga Underberg. Mutum ne mai ido a ƙarfe."

Bayan wannan ne ya sayo irin ta manyan motoci, mai kauri, wadda ɗaga ta kaɗai sai ka tuna sunan kakanka. Sai ga wata sabuwar matsala. Nauyin ɗakin ya danne motar har tsakanin taya da jikinta ya zama ɗan tsagi, hannun Khoarai kuwa faranti ne. Ƙugiyar sarƙar ta waje zai iya maƙalawa, amma ta ciki, wadda ke bayan taya, ko yatsunsa ba sa kaiwa. Ya yi ta ƙoƙari har ya sale fata. Mamoliehi ta shimfiɗa bargonta a kan ƙanƙara, ta kwanta, ta zura siririn hannunta, sai ƙaras.

Tun daga ranar aiki ya rabu: ciki nata, waje nasa. Kuma tun daga ranar ba a sake ganin motar nan ta fita ba tare da ita ba.

Haka muka san su. Kafin ka ga motar kana jin ta, sarƙa na kaɗawa a kan dutse, hayaƙi na fita ta bututun ɗakin domin tukunyar tuwon masara na kan wuta. In sun tsaya ɗaura sarƙa, masu dawakai kan ja linzami su saurara, don kallo ne kyauta. Ƙafafunta kawai ake gani sun leƙo daga ƙarƙashin mota, murya kuwa har tsallaken kwari.

"Ka juya ta! Haƙoran suna kallon taya, so kake ka huda ta?"

"Daidai take, Mamoliehi."

"Daidai kamar ta Underberg?"

Sai ya juya ta, yana gunguni. Ko sau ɗaya ba a taɓa jin ya ci gardamar ba, kuma ko sau ɗaya motar ba ta sake jingina da dutse ba. A rumfunan aski shi yana wasa almakashi, ita tana zaune a ƙofar ɗakin tana raba labari: wa ya haihu a Sani, wa ya mutu a Malingoaneng, 'yar wa ta gudu da ɗan wa. A zamanin babu waya a aljihun kowa, bakin Mamoliehi shi ne rediyon duwatsu, kuma ba ya cin batir. A ɗakin nan 'yarsu Moliehi ta koyi rarrafe, tsakanin buhun gari da akwatin almakasai.

Shekaru suka tafi da abin da suke tafiya da shi. Aka shimfiɗa kwalta a inda da sai addu'a. Moliehi ta yi karatu, ta zama malamar jinya a Maseru, ta fara yi wa iyayenta magana da muryar asibiti. Gwiwoyin Mamoliehi suka kumbura, sauka daga mota ma sai an riƙe ta. Tsohuwar sarƙar ita ma ta cinye, zobbanta suka sirance kamar awarwaron gado, har wata rana ɗaya ya buɗe baki.

Moliehi ta zo da shirinta a ƙulle. Za a sayi sabuwar sarƙa irin ta yanzu, wadda mutum ɗaya ke ɗaurawa a tsaye ba sai an kwanta ba. Uban ya ci gaba da yawonsa in ya ga dama, tunda kan nan nasa ba ya jin magana. Uwar kuwa ta koma Maseru, ɗaki mai ɗumi, kujera mai laushi, talabijin. Abin da ya tsorata Khoarai shi ne Mamoliehi ba ta yi musu ba. Matar da ke gardama da limamin coci a kan tsawon huɗuba, ta sunkuyar da kai ta ce, "Yadda kuka gani." Da su ukun suka kama hanyar Butha-Buthe, inda shagon sarƙa yake, ba ta ce ya rage gudu ba, ba ta ce ya ƙara ba. Ya faɗa rami da gangan, shiru. Mutumin nan ya yi tuƙi yana satar kallonta kamar wanda aka sauya wa mata a kasuwa.

Mai shagon, wani mai tumbi da hular ulu, ya fito da sabuwar ya gwada musu a wata taya da ke jingine. Ya zagaya da wayarta ta bayan tayar, ya ja, ya maƙala. Ko gwiwarsa bai lanƙwasa ba.

"Ka gani, Ntate? Tana ɗaukar nauyin motarka da ɗakinta, har da ƙari. Ba ka bukatar kowa."

"Ka ji ko, Ntate?" in ji Moliehi. "Ba ka bukatar kowa."

Khoarai ya dubi matarsa. Tana zaune a kan wani benci a bakin ƙofa, bargo har haɓa, tana kallon titi.

"Wancan fa?" Ya nuna wani tarin ƙarfe a lungu.

"Haba Ntate, wannan sarƙar ta zamanin da ce. Sai mutum biyu, kuma ɗaya sai ya kwanta a ƙasa."

"Jawo ta."

"Ntate!" Moliehi ta dafa ƙugu. "Mme ba za ta sake kwanciya a ƙanƙara ba. Ba ka ga gwiwoyinta ba ne?"

"Da gwiwa ake kwanciya? Tashi ne ke son gwiwa, ni kuwa ina nan. Na ɗaga abin da ya fi ta nauyi."

"Ban da baki," in ji mai shagon, ya yi dariya shi kaɗai.

Khoarai ya ja sarƙar zuwa ƙofa, daidai gaban bencin, ya durƙusa da ƙyar ya fara baza ta kusa da tayar motarsa ta baya. A hankali ya yi, yana nishi, ya shimfiɗa ta haƙoran suna kallon taya. Mutumin da ya tsufa a kan aikin nan ya san sarai yadda ya shimfiɗa ta. Ya gyara nan, ya gyara can, ya ƙi ɗagowa.

Bargon ya motsa. Mamoliehi ta kalli titi, ta kalli sarƙa, ta sake kallon titi. Ta cije leɓe. Abin ya fi ƙarfinta.

"Kai, wannan tsoho! Ka juya ta! Har ka yi furfura ba ka san gaba da bayan sarƙa ba? Matsa can. Moliehi, riƙe ni in sauka, kafin ubanki ya kashe mu a hawan Moteng."

Moliehi ba ta haƙura ba tukuna. Ta ce sabuwar ta fi sauƙi, ta fi sauri, ta fi hankali, kuma duk mai tunani ita zai ɗauka. Ta ce shi kaɗai zai ɗaura abarsa ya wuce, ba wahala, ba hayaniya.

Khoarai ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, fuskar nan fal murna kamar ba shi aka zaga yanzu a gaban jama'a ba.

"'Yata, in na ɗaura ni kaɗai, wa zai gaya mini ban iya ba?"