Randunan Shawish

Gwangwanin da ke ƙarƙashin randa ta uku a bushe yake, kuma Arwa ce kaɗai ta lura. Tun tana ƙarama ta san shi da ruwa, randa na ɗiga a ciki ɗis-ɗis, kurciyoyi na sauka su sha. Yau kwana tara da rasuwar kakanta, Shawish Sharafaddeen, babu ko ɗigo.

Ta dubi randunan. Guda biyar, jere a kan ƙarfensu a bakin hanyar Kasuwar Libiya, sun sha koren fenti sai ƙyalli suke. An kwance buhunan da yake naɗe su da su. A jikin ta tsakiya an rubuta sunansa da Larabci, har da tauraro. Ta ɗebo a moɗa ta kurɓa. Ɗumi, kamar ruwan wankan jariri.

An haifi Sharafaddeen a bukkokin 'yan ƙwadago na Jazira, inda iyayensa ke tsinkar audugar wasu. Yana da shekara sha tara ya shiga soja, ba don son bindiga ba, don dai bayansa ya gaji da sunkuyo. Ya yi shekara ashirin da biyu, ya dawo da igiya uku ta shawish, wato saje, a hannun riga da kunne ɗaya da ba ya ji. Labarin yaƙi kuwa ba ya ba da shi. Sau ɗaya tak Arwa ta ji ya ce motar ruwa ta taɓa ɓace musu kwana uku, har wani abokinsa ya riƙa lasar murfin jarka. Daga nan ya ja bakinsa.

Da ya zauna a Omdurman sai ya kafa randunan nan na sadaka, ya yi shekara talatin yana yi musu hidima. Bayan asuba ya tari mai jakin ruwa. Sau uku a rana ya jiƙa buhunan. Ran Juma'a ya goge cikinsu da zaren dabino, ya turara su. In damina ta zo shi ne mai haƙe lambatu, in an yi rasuwa shi ne a cikin kabari da magirbi. Amma ba mai saukin kai ba ne. Wanda duk ya tsoma hannu a randa zai ji tsawa daga ƙofar gida: "Kai zol, kai mutumin nan! Kogin Nilu ka samu?" 'Yan dako suna tsoronsa, suna kuma ratse hanya mai nisa don su sha ruwansa.

Arwa ta gama jami'a bara, amma har yanzu in za ta yi magana a gaban manya sai ta maimaita ta a zuci sau uku. Haka ta yi kafin ta isa rumfar da Alhaji Jibrin, shugaban kwamitin unguwa, ke zaune da abokansa. Ta tarar ana labarin Shawish. Wani na rantsuwa cewa marigayin shi kaɗai ya taɓa korar mutum arba'in.

Ta durƙusa ta gaishe su. "Baba Jibrin, ruwan randunan ya yi ɗumi."

"Zafi ake yi, ya binti. Ko ƙarfe gumi yake."

"Randar ce ba ta gumi, Baba. Sai ta tsatso ta waje iska ta buga take sanyi. Fentin ya toshe ta."

Wani dattijo ya kwashe da dariya. "To fa! Jami'a ta zo koya mana shan ruwa."

"Ke, 'yar nan," in ji Alhaji Jibrin, "shekara talatin kakanki na fama da randuna baƙi ƙirin da gansakuka, ba wanda ya ce masa sannu. Mu muka ce sai an karrama shi. Ni da hannuna na zaɓo fentin, mai mai ne, ruwan sama ba ya taɓa shi. Kalas."

Arwa ta juya za ta tafi. Idonta ya sauka kan kular ƙanƙara da ke gefen tabarmarsu. A nan ta gane: duk cikinsu ba wanda ya taɓa shan ruwan randunan. Suna wucewa ne a mota, su ɗaga wa Shawish hannu.

Da rana ta gwada kankare gindin guda da wuƙa. Fentin ya shige cikin yumɓun. Wani ɗan dako ya ajiye baro, ya kurɓa, ya furzar. "Tsohon ya tafi da sanyinsa," ya ce, ya ja baronsa da ƙishinsa.

Ta shiga gida tana huci. Kakarta Hajo na zaune cikin fararen kayan takaba.

"Sun kashe randunan, Kaka. Kuma wai karramawa ce."

"Biyar suka kashe," in ji Hajo. "Leƙa bayan ɗaki. Shida ne, kullum ɗaya na hutu, kin manta?"

Tana nan kuwa, a kife kan bulo, baƙa, ba kyan gani. Arwa ta mirgino ta ƙofar gida, ta naɗe ta da buhu, ta cika, ta sa gwangwani a ƙarƙashinta. Kafin la'asar gwangwani ya fara amsawa.

Alhaji Jibrin ya tsaya da mota. "Wannan baƙar ta ɓata layi. Akwai ragowar fenti, gobe a shafa mata."

"Ba za a taɓa ta ba, Baba," in ji Arwa. "Wannan ƙofar Hajo ce." Ta miƙa masa moɗa.

Ya sha. Ya ƙara sha. Ya dubi korayen nan biyar, ya ce, "Amma dai sun yi kyau," ya ja motarsa.

Randa ɗaya ba ta isar hanyar da ta saba da biyar. Tun kafin azahar take ƙarewa, masu zuwa daga baya su leƙa su wuce. Korayen suna nan cike, ana ɗaukarsu hoto.

Hajo ta ce ranar da ya rasu bai yi komai na daban ba. Ya dawo daga masallaci, ya goge randar nan da zaren dabino, ya turara ta, ya kife ta a inuwa don ta sha iska.