Ruwan Alwalar Kakana

Jiya jikata ta kife kwano a cikin bahon wanki tana bugawa da cokali, sai na tsaya ina saurare. Roba da ƙarfe ba za su taɓa yin muryar ƙwarya ba, amma sautin ya isa ya mayar da ni gidan kakana, a wani ƙauye tsakanin Isa da Sabon Birni.

Kakata mace ce mai son kiɗa. Ko daka take yi sai ta saka lugude, ko tankaɗe take sai ka ji tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Amma abin da ta fi so shi ne kiɗan ruwa: ta cika masaki, wato babbar ƙwarya, ta kife ƙarama a kan ruwan, ta ɗauki 'yan sanduna biyu. Kakana kuwa mutum ne mai ɗaure fuska. Da ta fara sai ya ce an cika masa gida da hayaniya, ya ɗauki buzunsa ya koma zaure. Sai da na yi wayo na lura bango ɗaya ne tsakanin zauren da ɗakinta, kuma bai taɓa wuce nan ba sai ta gama. Ita kaɗai ya aura har ya koma ga Allah.

Sai fari ya zo. Gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, dawa ko tsirowa ba ta yi ba. Rijiyar unguwa ta koma laka. Iyayenmu mata sukan tafi gulbi su tona yashi, su zauna jiran ruwa ya tsattsafo. A gida da ludayi ake rabo, kuma kakata ce mai rabon. Ita da hannunta ta rataye masakin, ta ce, "Wa ka wasa da ruwa bana?"

Cikin rani tari ya kama ta. Ta rame, ta daina magana sai dole, kunun ma sai an lallashe ta. Tana kwance sai in ga yatsunta suna ɗan buga gefen tabarma, ita ba ta ma sani ba. Ashe kakana ma ya gani.

Dama tun da fari ya zo a kan tasa yake alwala. Amma daga nan, in ya gama sai ya kira ni, "Amaryata, tahi ki juye a masakin kakarki, ki ruhe da faifai." Da can ruwan nan akuyarmu ake ba wa, kuma nononta ne ƙannena ke sha. Baffana ya kasa haƙuri, ya durƙusa a zaure ya ce, "Baba, akuyar nan ita ka riƙe da yara."

"Ku ba ta rabona na sha," in ji kakana. "Ni azumi za ni yi."

Haka aka yi. Tsoho yana wuni leɓe a bushe, akuya tana shan rabonsa, ruwa yana taruwa a masaki kaɗan-kaɗan, zafi yana janye wani. Ni dai tsoro nake ji kullum kada kakata ta rasu kafin ruwan ya taru.

Wata rana bayan la'asar ya buɗe faifan, ya ga ruwan zai iya ɗaga ƙwarya. Da kansa ya ɗauka ya kai gabanta, ya ce, "Tashi ki dame mu."

Ta dubi ruwan, ta dube shi. "Malam, ruwan salla hwa?"

"Sun gama aikin salla. Naki ya rage."

Muka jingina ta da bango. Bugun farko ma sanda ta suɓuce. Sannu a hankali kiɗan ya zauna, mai zurfi, irin wanda ake ji a ƙirji. Matan maƙwabta suka tsaya a bakin ƙofa, babu mai guɗa, babu mai rawa. Ran nan kakana bai tafi zaure ba, a bakin ɗakin ya zauna, kansa a sunkuye. Da ta gaji ta ajiye sandunan, ta ce, "To, a ba akuya."

Ba ta ga damina ba. Na yi kukanta sosai, har yau kuma ina kewarta.

Yanzu akwai famfo a unguwar, yara suna wasa da ruwa yadda suka ga dama, waƙa kuma tana cikin kowace waya. Jikata ta taɓa tambayata dalilin da nake alwala a kan tasa alhali ruwa ga shi nan. Na ce mata a wurin kakana na gani. Shi ma bai daina ba bayan ruwa ya wadata. In ya gama sai ya ɗan zauna yana kallon tasar, sannan ya kira ni in kai wa akuya.