Langar da Malam Yake Maidowa

Wai wane ne ya raɗa wa aikin mijina suna lauya? Bana shekara arba'in da biyar ke nan da rasuwarsa, kuma har yau ban sami amsa ba. Shi ya ce mini kalmar Turawa ce, bakinmu ne ya gyara ta. To me ya sa ta faɗo daidai kan lauya tamu, ta lauya ƙarfe da lauya magana? Ni ban yi boko ba, 'yata Bilkisu ce take rubuta abin da nake faɗa. Na ce mata idan na yi kuka ta jira ni, kada ta ƙara nata.

Sunansa ba zan kama ba. Duk Keffi Lauya ake ce masa, don a unguwarmu shi ne na farko. Lokacin da mahaifina, Malam, ya ba shi aurena, malamin makaranta ne mai keke. Bayan nan aka tura shi Ingila karatu, ya dawo ana shirin samun mulkin kai, da baƙar riga da wata hular gashi kamar bayan tunkiya. Na taɓa shanya ta a rana don warin akwati, kaza ta hau ta kwanta. Da ya gani sai ya ce in bar ta, ta fi wasu alƙalan natsuwa.

Malam kuwa bai ga abin dariya ba. Ya karantar da rabin manyan unguwa, kuma a ganinsa mutumin da ake biya don ya yi magana a bakin wani, dole wata rana ya lauya gaskiya. Bai raba auren ba, bai daina amsa gaisuwa ba. Abincin gidana kawai ya daina ci. Duk Juma'a nakan tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe in aika a langa, ta dawo yadda ta tafi, da goro a kan murfi da saƙon Allah ya yi albarka. Wanda bai taɓa zama 'ya ba ba zai san zafin wannan ba. Maigida yakan ɗaga murfin ya ce, "'Yar Malam, an sake ɗage shari'a. Kawo cokali."

Da aka zaɓe shi majalisar wakilai a Ikko, babban birnin ƙasa a lokacin, na yi murna, na ce yanzu albashin gwamnati ne, babu zargi. Na je da kaina na gaya wa Malam. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Da a Keffi yake lauyawa, yanzu an ba shi ƙasa gaba ɗaya." Na bi maigida Ikko sau biyu, na ga teku, na kasa cin abincinsu. A gida yakan tsayar da ni da yara a tsakar gida ya gwada jawabinsa na neman asibiti da gada, da Turanci, mu yi ta tafi ba mu ji ko kalma ba. Da soja suka rufe majalisa ya dawo ya ɗauki hularsa, bai yi kwanan baƙin ciki ba.

Sai kuɗin mai ya shigo. Abokansa suka zama 'yan kwangila, motoci suka cika gari, shi yana nan da tsohuwar motarsa da sai an tura. A nan abin mamaki ya fara. Manoma daga Panda da Garaku, Gwandara da Eggon, waɗanda aka haƙe musu gona don tsakuwar titi, suka riƙa cika mana zaure. In an tambaye su wa ya aiko su, sai su ce Malam. Na je na ce, "Baba, kana aika masa mutane, amma ba ka cin tuwonsa?" Ya ce, "Waɗanda na aika na san gaskiyarsu. Sauran fa?"

Nakan yi tunanin me maigida zai ce da ya ga Keffi ta yau. Jami'a a gari, lauyoyi har da mata, da asuba mutane na rige-rigen motar Abuja. Zai yi ta wasa da 'yan matan nan masu baƙar riga. Amma na san zai tambaya ko akwai sauran tsohon da zai ƙi tuwo saboda kalma ɗaya. Bai taɓa jin haushin Malam ba. Ya ce mini duk shari'ar da aka kawo masa, sai ya tuna langar nan kafin ya karɓa. Gidan sama bai bar mana ba, amma har yanzu in kaka ta yi, jikokin manoman nan suna sauke doya a ƙofata.

Ciwon hanta ne ya kwantar da shi. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, ina shirin aika langa, sai na ji sallamar Malam da sandarsa. Ya zauna kusa da gadon, ya yi addu'a, sannan ya ce, "Na bincika gari, na bincika ƙauye, ban sami wanda ya ce ka lauya masa gaskiya ba. Na daɗe ban yanke hukunci ba, kamar kotunku." Ya juyo gare ni ya ce, "Ke, ba a ba baƙo abinci a gidan nan?"

Na buɗe langa. Malam ya wanke hannu ya yi bisimilla. Maigida, wanda muryarsa ta kusa ƙarewa, ya yafito ni. Na sunkuya ina tsammanin wasiyya. Ashe maganarsa ta ƙarshe ke nan, don Allah ya karɓe shi ranar Lahadi. Abin da ya ce mini shi ne:

"'Yar Malam, yi sauri ki ƙara masa miya, kafin ya ɗaukaka ƙara."