Farar Rigar Surukina a Dutsen Man

Ranar Alhamis ce. Bayan asuba na yayyafa wa goro ruwa, na duba ɗaurin huhu sau biyu kamar kullum. Gidanmu a garin Man yake, gindin dutsen nan mai kama da haƙori. Surukina yana kan buzu cikin farar rigarsa, yana lazimi. 'Yarsa Rabi, matata, ta tafi unguwar Treichville, can babban birni, wajen yayarta don ta haihu.

Bakwai da kwata aka fara harbe-harbe, yaƙi ya shigo gari. Ƙarar farko daga kasuwa. Ta biyu a bakin layinmu. Maƙwabcinmu, wani manomin kofi ɗan garin, ya daki ƙyaure: "Ku fito! Dutse!"

Muka yi ta hawa, har ƙarfe tara itatuwa suka ƙare. Sama falalen dutse ne, baƙi ƙirin. Duk abin da ya motsa ana hango shi daga titi. Manomin ya daka tsawa: "A cire fari!" Kowa ya tuɓe. Ni ma na cire taguwata.

Baba, surukina, bai cire ba. Ya dube ni, ya kau da kai. Na gane. Dattijo ba ya tuɓe riga gaban mijin 'yarsa. Ni kuma shekara tara ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ko sunansa ban taɓa kira ba, a nan ma ba zan rubuta ba. Na buɗe baki, "Baba" kawai ya fito. Sai na wuce gaba don in ba shi wuri ya tuɓe. Taku ashirin na yi.

Harbi uku. Baba ya faɗi.

Wanda ya harba yana can ƙasa, tsaye a bayan mota. Bai san Baba ba. Ya ga fari a kan baƙi, ya gwada hannunsa kamar mai harbin zabo. Na ji shewarsa da ta 'yan uwansa ta hauro dutsen. Allah ya isa! Yanzu a masallacin Treichville ana ce mini kwanansa ne ya ƙare. Na sani. Amma mutum ne ya ja kunamar bindigar, kuma dariya ya yi. Ni kuma ina da hannu biyu, ban yaga rigar ba.

Da azahar muka rufe shi da duwatsu. Ba wanka, ba likkafani.

Kwana shida, rabi a ƙasa rabi a motar katako, kafin na iso tashar Adjamé a babban birni. Rabi tana can da jariri a baya. Na sauko. Ta ci gaba da kallon ƙofar motar har kowa ya fita.