Gawon da Gwaggo ba ta kai ni ba

Jikokina na ƙorafi wai ba na ba da labari a miƙe, sai na yi ta komawa baya. A wurin gwaggona na gada, ƙanwar mahaifina, wadda ita kaɗai ta san inda aka binne uwata.

Ina jinjiri uwata ta rasu a kan hanya, arewa da Illela. Na zama saurayi mai fatauci da jakuna lokacin da Nasara suka kafa duwatsun iyaka, wajen ya faɗa ƙasar Faransi. Tsoro ya kama ni kada kabarin ya ɓace, na je na tambayi Gwaggo.

Ta ce, "Ƙarƙashin wani gawo munka sa ta. Amma kafin nan, akwai rijiyar da munka sha ruwa."

Daga rijiya ta koma ranar da suka bar gida, daga nan ta koma bikin uwata. Duk sanda ta ja baya sai muryarta ta ƙara yarinta, har takan gusa a kan tabarma kamar mai ba wani wurin zama.

Na ce, "Gwaggo, gawon nika tambaya."

"Mi kaka sauri, ɗan nan? Ni ma hanyar nika bi in iske shi. In ka tsai da ni, ɓacewa nikai."

Haka muka yi ta yi har rani ya yi nisa. Wata rana da azahar, tana sussukar gero, labarin ya juyo da kansa. Sun wuce rijiya, sun hango itatuwa. Ta ajiye taɓarya, ta dubi bayana.

"Ga ta nan tafe, goye da kai. Ta gaji. Matsa mata."

Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika tsakar gida, alhali an yi watanni ba ruwa. Kajin da ke tsince-tsince a bayana suka watse. Ban juya ba.

Na ce, "Gwaggo, bari haka nan."

Ta ɗauki taɓaryarta. Daga baya na roƙe ta ta ci gaba, ta ce hanyar ta rufe. Kafin damina ta rasu.

Na tsufa ina ƙetare iyakar nan zuwa Ƙwanni. Gawo ya yi yawa a hanyar. Kowanne na zo wucewa sai in tsai da jaki, in yi sallama, in ɗan saurara.